Ranar Da Ɗankama Ya Raba Kan 'Yan Biki A Ƙanƙara

A wannan fitowar na ɗan ajiye labarin soyayyar da muka saba, domin in ba ku labarin wani abu da ya faru a ƙofar gidanmu a Ƙanƙara, wanda saura ƙiris ya ja wa wani tsoho bala'i, ni kuma ya so ya shiga tsakanina da wanda zan aura. Ba ƙagaggen labari ba ne, sai dai na sakaya sunaye, don kowa yana da iyali.

Duk wanda ya san yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san biki ya daɗe da canza kama. Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garinmu, kai tun ma kafin nan, tsoro ya shiga zukatan mutane. An daina gaɗar dare, an daina kalangu har asuba. Da hantsi za a ɗaura aure, a ci abinci tsaye-tsaye, baƙi na duban rana don kada la'asar ta riske su a hanya.

To da bikin Yayata ya matso, sai Kakarmu ta kafe a kan lallai sai an kira ɗankama. Baba ya ce, "Inna, zamani ya wuce wannan." Ta ce, "Zamanin naku ne ya wuce, nawa yana nan. Da ɗankama aka yi bikina, da shi aka yi na uwarsu, ba kuwa za a kai mani jika gidan miji shiru kamar za a kai gawa ba." Ta juyo ta harare ni, ta ce, "Ke ma kishiya, ki shirya, naki da shi za a yi." Kowa ya san ba a ja da Inna, sai aka aika.

Don ƙannena da suka tashi da waya a hannu, bari in ɗan yi bayani. Ɗankama mai wasan ban dariya ne na gargajiya, shi kaɗai yake tsayawa a tsakiyar taro, makaminsa bakinsa. Sana'arsa kwaikwayo: ya ɗauki waƙar wani babban mawaƙi, ko salon mai wa'azi, ko muryar alƙali, ya juye su gaba ɗaya su koma zancen tuwo da miya da fura. Duniyar ɗankama duniyar ciki ce, komai girman magana in ta shiga bakinsa a akushi take ƙarewa. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai, har wani Bature mai suna Gidley ya yi rubutu a kanta tun a 1967.

Namu ɗankaman tsoho ne siriri, mutumin wani ƙauye ne ta yamma da gari, wanda ɓarayin daji suka tasa, ya dawo cikin gari yana zaune a ɗakin aro shi da jikansa. Bayan azahar ya iso, da rawanin tsohon buhu, da carbin goruba har gwiwa, da takobin katako, ga wani allo a hammata wanda ba komai a jikinsa sai zanen ludayi. Maza suka yi da'ira a ƙofar gida, mu mata muka cika zaure, wasu suka taka turmi suna leƙe ta katanga.

Tarihi a bakin mayunwaci

Ya fara da cewa wai daren jiya ya ci ɗanwake ya kwanta bai sha ruwa ba, ko da ya buɗe ido sai ga shi a Daura a zamanin Daurama. Ya tarar da Bayajidda a bakin rijiyar Kusugu ya yi tagumi. Ya ce mashi, "Baƙo, ina wuƙar?" Wai sai Bayajidda ya ce ai maƙeran Gaya sun ce ƙarfe ya yi tsada, sai ya ba da kafin alƙalami. Ana cikin haka sai macijin nan Sarki, wanda labari ya ce ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, ya leƙo da waya maƙale a inda ya kamata a ce kunne yake. Ya ce doka ta canza, Juma'ar ma an soke ta. Duk unguwar da ke son ruwa sai ta haɗo kuɗi, da buhun shinkafa, da katin waya, da jarkar man babur.

Jama'a, wurin nan ya yi tsit. Babu wanda bai gane macijin ba. A cikin masu sauraro akwai waɗanda da hannunsu suka haɗa irin wannan kuɗin kafin a bar su su girbe masararsu. Na ce a raina, tsohon nan ya taɓo inda ke ciwo. Can sai wani dattijo daga cikin baƙin Faskari ya tuntsire da dariya har da buga ƙafa, sai kuwa taro ya ɗauka gaba ɗaya kamar an ɓalle madatsar ruwa.

Daga Daura jakinsa ya yi tsalle ɗaya ya dire a Katsina a 1903, ya iske Gwamna Lugga a can ƙololuwar hasumiyar Gobarau, ba kallon gari yake ba, waya yake ɗagawa sama yana neman sabis don ya gaya wa Sarkin Ingila ya sauka lafiya. Nan ma aka kwashe, don kowa ya tuna watan Satumba na 2021 da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumominmu, muka yi watanni sai an hau dutse ko an yi tafiya kafin a ji muryar ɗan uwa.

Sannan ya gyara rawani ya zama malamin walima. Wai an gayyace shi wuri huɗu a lokaci ɗaya: suna, da ɗaurin aure, da sadakar bakwai, da saukar karatu. Ya rasa wanda zai bari, sai ya aika rawaninsa gidan suna, carbinsa wurin sadaka, takalmansa wurin sauka, shi kuma ya bi cikinsa zuwa inda aka yanka sa. Da yamma rawani ya dawo da goro biyu kacal, sai ya zaunar da shi yana tuhumarsa da cin amana, carbi na ba da shaida. Limamin unguwarmu yana zaune a kan buzu, na gan shi da idona yana share hawaye da bakin malum-malum saboda dariya.

Inda gizo ya yi saƙar shi ne abin da ya biyo baya. Jikan nan nasa ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya dafe kunne, ya shiga jero sunayen abinci yana jan murya irin ta mai jan baƙi a wurin tafsirin azumi, tsohon kuma yana fassarawa yana kaɗa kai. Ni shaida ce, babu Larabci ko kalma ɗaya a ciki, daga tuwon dawa sai miyar kuka sai man shanu. Amma muryar, wallahi duk wanda ya ji daga nesa zai ɗauka karatu ake yi.

Kowa da yadda ya ji

A nan taro ya rabu. Tsofaffi suna ta dariyarsu, don tun suna yara suke ganin irin wannan. 'Yan mata sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Sai na ga samari kamar shida sun miƙe, sun kaɗe riguna sun bar wurin fuska a murtuke. Na gabansu kuwa ba kowa ba ne illa mutumin nawa, wanda yake koyarwa a wata Islamiyya. Gabana ya faɗi.

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda suka yi dariya amma ba su ji daɗin kansu ba. Wani kawunmu da ya zo daga Sabuwa ya ce wa Baba, "Ni fa na dara, amma ina darawa ina istigfari." Ina jin irinsa sun fi yawa, sai dai ba su da bakin faɗa.

A kusa da ni a zaure akwai wata ƙanwar Innarmu da aka kashe mata miji a gona, shekara biyu ke nan ba wanda ya ga haƙorinta. Tun daga wurin maciji ta fara murmushi, da aka zo shari'ar rawani ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta juye kuka. Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ashe ban manta yadda ake yi ba." Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

An kai amarya lafiya, baƙi suka watse. Bayan isha'i sai ga ƙanena da waya. Wani ya yanko daidai wurin jan muryar nan, bai kai minti ɗaya ba, ya watsa a WhatsApp, ya rubuta a ƙasa wai ga wani yana izgili da Alƙur'ani a Ƙanƙara. Babu maciji, babu Gobarau, babu liman yana dariya. Kafin gari ya waye abin ya zagaya, mutanen da ko ƙofar gidanmu ba su sani ba suna ta tsinuwa, wasu yara har sun fara tambayar inda tsohon yake kwana. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayun 2022, da taron matasa suka kashe wata ɗaliba kan zargin ɓatanci, ya san irin wannan magana ba a kwana da ita. Tun da asuba Baba ya je ya ɗauko tsohon da jikansa ya sa su a turakarsa.

Da hantsi mutumin nawa ya zo, muka tsaya a zaure. Na ce, "Malam, kai ka watsa?" Ya ce, "Subhanallahi! Ni tashi na yi don zuciyata ba ta ɗauka ba, amma ban ɗauki hoton kowa ba." Na ce to ai ka ji da kunnenka babu aya a ciki. Ya ce, "Na ji. Amma ki gaya mani, yaron da ya ji wannan, in azumi ya zo ya zauna gaban mai jan baƙi, me zai fara faɗo mashi a rai? Ba miyar kuka ba?" Na buɗe baki na rasa amsa, sai haushi ya sa na ce ai ku dama ba ku son ganin kowa yana farin ciki. Ya dube ni ya ce, "Haka kika ɗauke ni?" Ya sa takalmansa ya tafi. Kwana huɗu ba kira ba saƙo, ni kuma girman kai ya hana ni nema.

A zauren Liman

Abin da ya kashe wutar, Liman ne ya tara kowa a zaurensa bayan la'asar: Baba, da ɗankama, da samarin da suka tashi, da yaron da aka gano shi ya yanka hoton. Mace ba ta shiga, amma Yayana yana ciki, shi ya kwashe mani komai.

Aka fara ba tsohon dama. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a wurin ubana na gaji sana'ar nan, shi ma a wurin nasa. Ranar da ya ɗaura mani rawanin buhu ya ce abu uku ba su shiga bakin ɗankama: Allah, da Manzonsa, da Littafinsa. Shekarata fiye da 50 ina yi, ban taɓa sa aya a wasa ba. Ni da kwaɗayi nake faɗa, in ya sa rawani in bi shi, in ya sa hular sarauta in bi shi." Sai ya fashe da kuka, ya ce ɓarayi sun raba shi da gonarsa, yanzu kuma ana so a raba shi da imaninsa a bakin duniya.

Liman ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce raha ba haramun ba ce, domin Manzon Allah (SAW) da kansa yakan yi raha, sai dai ba ya faɗin ƙarya. Ya kawo labarin tsohuwar da ta roƙi ya yi mata addu'ar shiga Aljanna, ya nuna mata tsofaffi ba su shiga, da ta damu aka bayyana mata cewa 'yan mata za a mayar da su. Ya ce malami mutum ne, in ya yi kwaɗayi aka yi mashi dariya, addini bai ragu da komai ba, shi ma da aka yi shari'ar rawani ya tuna wasu ranaku nasa.

Sannan ya juya ga tsohon ya ce, amma samarin nan ba su yi laifi da suka tashi ba. Ya tuna masu da aya ta 65 da ta 66 a cikin Suratut Tauba, inda aka yi kashedi mai tsanani ga waɗanda suka taɓa alfarmar addini sannan suka fake da cewa wasa suke yi. Ya ce, "Ba ka shiga gonar ba, amma ka bi ta kan kunyar gefe. Muryar nan riga ce da mutane suka san Littafin Allah da ita. Ka bar ta, ga muryar alƙali nan, ga ta 'yan siyasa, ga tawa ma in kana so." Tsohon ya ce ya ji ya karɓa.

Wanda ya sha faɗa sosai shi ne mai waya. Liman ya karanto mashi aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Ya ce, "Kai ka yanke kai da ƙafa ka nuna wa duniya gangar jiki, ka kuma rubuta abin da ba a yi ba. Da an taɓa tsohon nan, jininsa a wuyan wa?" A nan take aka sa shi ya ɗauki bayanin Liman ya tura duk inda ya tura na farko. Yayana ya ce abin da ya ba shi mamaki, mutumin nawa ne ya raka tsohon har ɗakinsa, yana riƙe mashi da takobin katako.

Abin da na gano

'Yan uwa, na yi ta juya wannan al'amari. Bahaushe bai taɓa rasa wurin ajiye dariya ba. Muna da wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Kanawa da Zage-zagi, da Fulani da Barebari, da mu Katsinawa da Nufawa. In azumi ya kai kwana 10 yara na fita tashe, a ciki har da wanda ake yi wa yaro gemun auduga a ba shi allo, ana tuhumar malam da yin rawa yana musu, har garin nuna yadda bai yi ba ya ɓuge da rawar. A ƙofar gidajen manyan malamai ake yin wannan, su ba da sadaka. Ba a taɓa cewa yaran sun fita daga addini ba.

To me ya canza? A ganina abu biyu ne. Na farko, da can wasa a gaban waɗanda suka san ka ake yin shi. Sun san ubanka, sun gan ka a sahun asuba, in ka yi kuskure dattijo zai ja ka gefe. Yau waya na ɗaukar wasan ƙofar gida ta kai shi gaban wanda bai san farko ba bai san ƙarshe ba. Na biyu, zukata sun yi zafi, wanda ya kwana cikin tsoro abu kaɗan ke tunzura shi.

Masu ban dariya kuwa sun daɗe suna taka sawun ɓarawo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, an taɓa ɗaure shi a Kano a 2008 kan fim ɗin Ibro Aloko. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne, saboda wasan da suka yi da gwamnan lokacin a TikTok. Mu marubuta ma ba mu tsira ba, ina ƙarama a 2007 aka tara littattafan hikaya irin namu aka cinna masu wuta a Kano. Shi ya sa da na ga tsohon nan a turakar Baba ya haɗa kai da gwiwa, sai na ga kamar kaina nake kallo.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: tambayar da Malam ya yi mani a zaure har yau ban sami amsarta ba. Wanda ya tashi daga taro don kishin addininsa bai zalunci kowa ba, da ƙafarsa ya yi magana. Wanda ya zauna ya dara shi ma ba kafiri ba ne. Mai laifi shi ne wanda ya ɗauki wuƙa ya yanka magana don ya haɗa mutane faɗa. Kuma duk wanda zai ce a kashe 'yankamanci gaba ɗaya, ina so ya fara zuwa ya dubi fuskar ƙanwar Innarmu. Shekara biyu ana yi mata nasiha tana cewa to, amma macijin da ke neman katin waya ne ya buɗe mata ƙirji. A ƙasar da ba ka isa ka ambaci sunan wanda ya cuce ka ba, mai iya mayar da shi abin dariya ba ƙaramin aiki yake yi mana ba.

Na san kuna jira ku ji yadda muka ƙare da mutumin. A rana ta biyar ni na aika ƙanena da ba da haƙuri, don ni na yi maganar da ba ta dace ba. Ya zo da daddare kaɗan, muka shirya. Sai dai har yanzu da sauran magana, domin Inna ta rantse da ɗankama za a yi bikina, shi kuma ya ce ya yarda, amma da sharaɗin zai zauna kusa da tsohon, in ya ga jikan ya kai hannu kunne ya riƙe hannun. Inna ta ce ya zauna ɗin, ai shi ma angon a cikin wasan zai ƙare.

To 'yan uwa, ku fa me kuka gani? Wadda aka taɓa yin irin wannan a bikinta ko a unguwarsu, ta rubuto mana. Kafin nan ina roƙonku abu ɗaya: duk abin da aka turo maku a waya, in bai da kai bai da ƙafa, ku bar shi ya mutu a hannunku. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya mayar da kowa gonarsa, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, amin.

Nan zan dasa aya, sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, 'yar mutan Ƙanƙara.